Kompaila ba tafinta ba ne, ku zo mu raɗa masa suna

Salamu alaikum 'yan uwa na Aboabo da Asawase da sauran zangunan Kumasi. Abu biyu nake nema wa sunan Hausa: kompaila, da kuma aikin nan da yake yi na sa manhaja ta ƙara gudu ko ta rage nauyi, wanda 'yan Tech, wato jami'ar KNUST, ke ce wa optimaizeshin. Wasu 'yan uwa sun riga sun kawo nasu sunayen, zan amsa musu in faɗi nawa, mai ja ya ja.

Kai da harshen C, ɗaya daga harsunan rubuta manhaja, kake rubuta umarni, furosesa kuwa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ba ya jin C, lambobinsa kawai ya sani. Kompaila ne ke karɓar rubutunka ya fito da abin da na'ura za ta iya aiwatarwa. Manyan kompaila biyu ne ke gina kenel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke sarrafa na'ura: GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987, da Clang na gidan LLVM. Wayar Android da ke aljihunka ma kenel ɗin Linux ne a cikinta.

Shi kenel ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Wani ya kawo "ƙwaya". To ka je ka ce wa Hajiya ɗanta ya kwana yana harkar ƙwaya, ka ga abin da zai biyo baya. A bar shi kenel.

Malam, na ga ka ce "tafinta". Allah ya ƙara ilimi, amma a yi mini izini in ja. Tafinta amana aka ba shi, abin da aka faɗa shi zai maimaita. Kompaila kuwa an ba shi dama ya sauya jerin umarninka, ya narkar da biyu su zama ɗaya, har ya zubar da abin da ya ga ba shi da amfani, muddin bai saɓa wa dokar harshen C ba. A 2009 an ga aikinsa a Linux 2.6.30. A direban tun, wani sashen kenel mai kula da hanyar sadarwa, an fara amfani da wani adireshin ma'adana tukuna, sai a layin ƙasa aka duba ko adireshin fanko ne. GCC ya ce tunda an riga an taɓa shi, ai ba fanko ba ne, ya share binciken. Ta wannan kafa Brad Spengler ya nuna yadda za a ƙwace ikon na'urar baki ɗaya. Daga nan masu kenel suka saka wa GCC umarnin -fno-delete-null-pointer-checks don su hana shi share irin wannan binciken. Wane tafinta ne zai cire jumla daga bakin sarki don ya ga ba ta da amfani? Mu ajiye tafinta wa irin na harshen Python, mai bin umarni yana aiwatarwa nan take.

"Mai harhaɗawa" ma an kawo. Da a zamanin Grace Hopper muke, da ya zauna daram, don A-0 ɗinta na 1952 tattaro guntayen shirye-shirye yake yi ya jera su. Yau wannan aikin ya fi kama da na linka, manhajar da ke haɗa guntayen da kompaila ya fitar su zama shiri ɗaya.

Nawa shi ne maƙeri. Duk wanda ya taɓa shiga Suame Magazine ya san yadda ake kai ƙarfe a dawo da wani abu dabam: an narka, an yanke, an zubar da saura, amma aikin da ka nema yana nan. Sai optimaizeshin ya zama washi. Na zaɓi washi a kan wasawa don kar a rubuce a ɗauka wasan yara ne. "Ingantawa" ta yi faɗi da yawa, gwamnati ma kullum inganta wani abu take yi. Washi kuwa ragewa ne, ƙarfen ake ci kafin kaifi ya fito, in ya yi yawa ya cinye bakin wuƙar. Abin da ya faru a 2009 ke nan.

Ku gwada su a kan sabbin abubuwa ku ji. A 2010 GCC 4.5 ya zo da asm goto. Da shi kenel ke barin gurbin da ba ya yin komai a wurin da a da sai ya tambaya "an kunna bin diddigi ko ba a kunna ba?" duk sanda aka bi ta wajen. Ranar da aka kunna, kenel ya gyara gurbin da kansa ya mai da shi tsalle. A Linux 5.12 na 2021 aka karɓi LTO na Clang: maimakon maƙeri ya wasa kowane fayil shi kaɗai, sai ya jira lokacin haɗawa ya ga kenel ɗin gaba ɗaya. Washin gayya, in kun yarda. A 6.13 kuma, farkon 2025, AutoFDO ya shigo, inda ake auna na'ura tana cikin aiki, a ga hanyoyin da aka fi bi, a mai da wa maƙeri bayanin ya daidaita su kusa da juna. Kafin wannan, mai rubutu ne ke cintar hanyar da za a fi bi, ya sa alamar likely ko unlikely, kuma ɗan Adam na cinta ya kuskure.

Ƙanena, ka ce wani lokaci ba gudu ake nema ba, ƙanƙanta ake so, kamar a ƙaramar na'ura mai ƙarancin ma'adana. Gaskiyarka. Kenel ma ya ba da zaɓi tsakanin umarnin -O2 na gudu da -Os na ƙanƙanta. Sai mu ce washin gudu da washin rage jiki.

Inda nake jin za a kama ni shi ne maƙeri mutum ne, yaro zai iya ɗauka mai rubuta manhajar ake nufi. Wata 'yar uwa daga Nima ta ce a ce "maƙera", wurin aikin. Na juya shi, amma maƙera ba ta yanke shawara, shi kuwa wannan yana yankewa, shi ya sa na tsaya a kan maƙeri. Ga jumlar gwaji: "Maƙerin Clang ya wasa kenel, sai direban ya daina aiki, a rage washin a sake gwadawa." Ku karanta wa wanda bai taɓa zuwa Tech ba, ku dawo mana da abin da ya fahimta kafin mu sa su a darasin yara.