Gyaɗa da jarirai: a jinkirta ba su, ko a fara da wuri?

Ungozoma:
Assalamu alaikum. A da ana gaya wa iyaye su hana yaro gyaɗa sai ya kai shekara 3, don gudun kada jikinsa ya ƙi ta, wato alaji. Yanzu kuma ana cewa a ba shi tun yana goye. Wane bincike ne ya juya maganar, kuma me za a gaya wa uwa a ranar awo? Don Allah masana a warware mana.

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam, Malama. Shawarar jira zuwa shekara 3 ta ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ce a shekarar 2000, ga yaran da ake ganin suna cikin haɗari, kuma su da kansu suka janye ta a 2008.

A 2008 ɗin ne kuma aka buga wani nazari da ya kwatanta yaran Yahudawa a Birtaniya da na Isra'ila. Asali ɗaya, amma alajin gyaɗa ya kai kashi 1.85 cikin ɗari a Birtaniya, a Isra'ila kuwa 0.17. Abin da aka lura shi ne jariran Isra'ila suna tsotsar wani abin ƙwalama na gyaɗa mai suna Bamba tun kafin su cika shekara. Saboda wannan lura Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa a Landan suka shirya gwajin da ake kira LEAP, aka fitar da sakamakonsa a 2015.

Jarirai 640 aka ɗauka, 'yan wata 4 zuwa 11, dukkansu masu tsananin egzima (ciwon fatar nan mai bushewa da ƙaiƙayi) ko alajin ƙwai, ko duka biyun. Aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka hana su gyaɗa kwata-kwata, rabi aka riƙa ba su giram 6 na furotin ɗin gyaɗa a mako, a raba shi sau 3 ko fiye, har suka cika shekara 5. Cikin waɗanda aka hana, kusan kashi 17 cikin ɗari suka kamu da alajin gyaɗa. Cikin masu ci, kusan kashi 3. An ci gaba da bin yaran har suka fara tasawa, rahoton 2024 ya nuna kariyar tana nan: kashi 15.4 na waɗanda aka hana suna da alajin, 4.4 na masu ci.

Bayanin da masu binciken suka fi karkata gare shi: idan garkuwar jiki ta fara haɗuwa da gyaɗa ta hanji, sai ta saba da ita a matsayin abinci. Idan kuwa ta tsattsagaggiyar fata ta fara shiga, sai ta ɗauke ta abokiyar gaba. Shi ya sa mai egzima ya fi kowa shiga haɗari, musamman a gidan da ake soya gyaɗa ana ɗaukar jariri da hannun da ba a wanke ba.

Abu ɗaya da ake yawan tsallakewa: an yi wa kowane jariri gwajin fata (a ɗiga ruwan gyaɗa a fata, a ɗan soka wurin, a auna kumburin) kafin a fara, kuma wanda kumburinsa ya wuce milimita 4 ba a saka shi a LEAP ba. Don haka yaro mai egzima mai tsanani ko alajin ƙwai, likita zai fara gani, ba a gida za a gwada ba.

Malamar Abinci:
Likita ya gama da tarihin, bari in shiga kicin. Yaron da ba shi da waɗannan matsaloli, sai ya cika wata 6 na nono zalla, ya iya riƙe wuyansa, ya kuma karɓi wani abincin kamar koko na 'yan kwanaki.

A sami markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai laushi sumul, babu gishiri babu sukari, cokalin shayi 2. A dama da ruwan zafi cokalin shayi 2 zuwa 3, a bar shi ya huce. Wannan ya kai kimanin giram 2 na furotin, sau 3 a mako ke nan ya ba da adadin LEAP. Ranar farko a lakato kaɗan a bakin cokali a ba shi, a jira minti 10. In ba a ga komai ba a ƙarasa sauran a hankali, a sa masa ido na awa 2. A yi da safe, yaro yana cikin ƙoshin lafiya, ba ranar da yake zazzaɓi ko gudawa ba, don kada a rasa gane mene ne ya jawo me.

Kurakuran da aka fi yi: ba da ƙwayar gyaɗa ko ƙuli-ƙuli, wanda kan sarƙe yaro ya faɗa hanyar iska, kuma wannan haɗarin yana nan har shekara 5. Ba da markaɗen da kauri, ya manne a maƙogwaro. Zuba zuma, alhali ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. Sai kuma a ba shi sau ɗaya a manta wata biyu. Kariyar a ci-akai-akai take.

Kunun gyaɗa yana da kyau, sai dai bayan tacewa da tsarma shi da ruwa ba a san nawa ya shiga cikin yaron ba. A kuma tsince gyaɗar da kyau, a zubar da mai fumfuna da wadda ta yanƙwane, saboda gubar aflatoksin da ke lalata hanta. Suya ba ta kawar da ita.

Ɗan Ɗakin Gwaji:
Ina da ja kaɗan, Likita. LEAP yaran Landan ne masu babban haɗari, kada a kwaso alƙalumansa a jibga wa kowane yaro. Gwajin EAT na 2016 ya ɗauki jarirai 1,303 daga cikin gama-garin jama'a, aka fara wa rabinsu abinci kala 6, har da gyaɗa, tun wata 3. Da aka lissafa kowa da kowa bambancin bai kai a kafa hujja da shi ba, don ƙasa da rabin iyayen ne suka iya cika ƙa'idar. Amfanin ya fito ne a waɗanda suka ci adadin da aka ce.

Na biyu, a yi hattara da gwajin jini na IgE (sinadarin garkuwar jiki da ake aunawa don gano alaji) a wurarenmu. Wani nazari kan 'yan makaranta a Gana da aka buga a 2013 ya sami kusan kashi 17 cikin ɗari da IgE na gyaɗa a jininsu, amma kusan kashi 2 ne kawai gwajin fata ya nuna, kuma an alaƙanta hawan da cutar tsargiya. Yaro yana shan miyar gyaɗa lafiya lau, takardar gwaji ta sa a hana shi, an cuce shi a banza.

Likitan Yara:
Na karɓi gyaran, Malam. Saura abin da uwa za ta kula da shi. Alamun kan fito daga 'yan mintuna zuwa awa 2. Ɗan borin jini a gefen baki kaɗai: a dakata da gyaɗar, a kai shi asibiti a duba. Amma kumburin harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar ko mai fito, amai a jere, ko yaro ya yi laƙwas ya kwanta, wannan na gaggawa ne. Maganinsa allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.01 kan kowane kilo na nauyin yaro, daga ruwan mai ƙarfin miligiram 1 a mililita 1. Jariri mai kilo 8 ke nan mililita 0.08, don haka sai da sirinji mai mililita 1. In bai farfaɗo ba a maimaita bayan minti 5. Piriton ƙaiƙayi kawai yake ragewa, ba ya buɗe hanyar numfashi, kuma ba a tura ruwa ko man ja a bakin yaron da ke fama da numfashi. Ko ya warware a ajiye shi a asibiti na wasu sa'o'i, domin abin kan dawo karo na biyu.