Zagaye Ɗaya Ko Zagaye Biyu: Muhawara A Zauren Masu Aikin Bidiyo Na Katsina Da Daura

Mai ƙorafi, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. Ina roƙon kowa ya karanta wannan har ƙarshe, domin abin da aka yi mini ya sosa mini rai. Na kai wani shago a cikin gari tsofaffin faya-fayan DVD na Hawan Sallah da mahaifinmu ya bari, domin a kwafa mini su tun ba su lalace ba. Da na karɓo aikin na saka, muddin dawakai suka yi sukuwa a Ƙofar Soro ƙura ta tashi, sai hoton ya farfashe ya koma ƙananan murabba'ai, ba a gane fuskar mahayi balle adon doki. Yaron shagon ya ce mini a zagaye ɗaya suka matse shi saboda sauri, wato manhajar kwamfuta ta bi bidiyon sau ɗaya kawai wajen rage girmansa. To ina faɗa a gaban kowa, duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya matse masa bidiyo a zagaye ɗaya ya yi ha'inci, kuma zagaye biyu ne kaɗai aikin gaskiya.

Alhaji, mai shago a Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku da rahama. Amma ƙanena, ka janye wannan kalma ta ha'inci, domin ba ƙaramar magana ba ce. Maha'inci shi ne wanda ya ɓoye aibin kaya, wannan yaro kuwa da bakinsa ya gaya maka abin da ya yi. Mu tun zamanin VCD muke wannan sana'a, lokacin da kowane faifai yake tafiya a kan kilobit 1150 a daƙiƙa, babu ragi babu ƙari, kuma a haka Arewa duka ta kalli finafinai shekara da shekaru. Ashe mu duka maha'inta ne ke nan?

Malam, daga Daura: Alhaji, Allah ya ƙara girma, bayanin da aka yi wa mutum bayan ya biya kuɗi ya dawo da ƙorafi ba shi ne bayanin da shari'a take nufi ba. Kowa ya san hadisin mai sayar da abincin da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa, busasshen a sama. Idan akwai hanya mai kyau da hanya mai sauri, aka zaɓar wa mutum mai saurin ba da saninsa ba, kuma aka karɓi kuɗin mai kyaun, ni ban san sunan da za a kira wannan ba in ba ha'inci ba.

Alhaji: Malam, wa ya shaida maka kuɗin mai kyaun aka karɓa? Ko ka ga rasit?

Injiniya, Ƙofar Sauri: Ina neman izinin manyana in yi bayanin aikin kansa, domin ina ganin a nan maganar take. Faifan DVD mai hawa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, wanda kwamfuta take nunawa 4.37, mai hawa biyu kuma 8.5. Wannan ma'auni ba ya ƙaruwa, saboda haka idan bidiyon awa biyu za a sa a mai hawa ɗaya, rabon kowace daƙiƙa, hoto da sauti a haɗe, ba zai wuce megabit 5.2 ba in an raba daidai, alhali ƙa'idar DVD ta yarda hoto ya hau har 9.8 a inda ake bukata. A zagaye biyu, manhaja takan fara bin bidiyon daga farko har ƙarshe ba ta fitar da komai ba sai ɗan fayil na lissafi, inda take rubuta wuraren da motsi ya yi yawa da wuraren da hoto ya tsaya cik. A zagaye na biyu sai ta rage wa wurin da ake gaisuwa a zaune, ta ƙara wa wurin sukuwa da ƙura, kamar mai rabon nama da ya ƙirga baƙi kafin ya sa wuƙa, kuma fayil ya fito daidai girman da aka nema.

Zagaye ɗaya kuwa ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan nake saɓa wa yayana mai ƙorafi. Akwai wanda ake ba kowace daƙiƙa rabo guda, ko doki ne ke gudu ko bango ake nunawa, irin na VCD da Alhaji ya ambata. Akwai wanda ake ba manhaja matsakaici ta riƙa kintace ba ta san abin da ke gaba ba. Sannan akwai na uku, wanda a HandBrake, manhajar matse bidiyo, ake kira RF, inda kake zaɓen inganci ka bar girman fayil ya fito yadda bidiyon ya bukata. Ga hoton DVD ana sa lamba tsakanin 18 da 22, kuma duk ƙarin 6 a kan lambar yana rage girman fayil kusan rabi. Wannan na ukun, idan aka daidaita girmansa da na zagaye biyu, da wuya ido ya bambance su. Sai dai fayil ɗin MP4 ko MKV yake bayarwa, na ajiya a kwamfuta, ba tsarin MPEG-2 da tsohuwar na'urar DVD take karantawa ba. Idan faifai za a cika, a yi zagaye biyu. Idan kwamfuta ce ma'ajiya, RF ya wadatar. Idan kuma asalin faifan mai hawa ɗaya ne, a kwafe shi yadda yake, babu dalilin matsewa sam.

Hajiya, mai ɗakin hoto a Ƙofar Kwaya: Ɗana mai ƙorafi, faifai nawa ka kai, kuma a kan faifai nawa aka mayar maka da su?

Alhaji: To ga shi Injiniya ya tabbatar ido ba ya bambancewa. Ina ha'incin yake?

Malam: Ba haka na fahimta ba, Alhaji. Ya ce idan faifai za a cika a yi zagaye biyu, kuma faifai aka cika. Mu a Daura, duk wanda ya ɗauki Sallar Gani ko Hawan Magajiya ya san ba a yi wa irin wannan aiki gaggawa, kuma yaranmu a haka muka koyar da su.

Matashi, Ƙofar Guga: Malam, da girmanka, kada a mayar da abin Daura da Katsina. Aikin da kuke yi a wata guda wani shago a nan yana yinsa a mako, kuma wanda layin mutane yake jiransa ba zai bar kwamfuta tana bin bidiyo sau biyu ba. Zagaye biyu yana cin lokaci kusan ninki, wuta ba ta tsayawa, janareta kuma fetur yake sha. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar zagaye na biyu, wa zai biya asarar? Mai kawo aiki farashi ɗaya ya sani.

Malam: Yaro, ƙarancin aiki ba aibi ba ne, yawansa kuma ba hujja ba ce. Da yawa daga cikin masu aikin da kake alfahari da su, a hannun mutanen Daura suka fara riƙe kyamara.

Alhaji: Wannan kuma ban yarda ba, Malam. Ka ambaci mutum ɗaya.

Injiniya: A kan lokaci, ƙanena, HandBrake tana da zaɓin da yake sa zagayen farko ya yi sauri ƙwarai, don haka ba lallai ya kai ninki ba. Amma tambayar Hajiya har yanzu ba a amsa ba.

Mai ƙorafi: Hajiya, faifai biyu ne, kowanne kusan awa biyu, na ce a haɗa mini su a faifai ɗaya saboda sauƙin ajiya. Amma wannan bai canza komai ba, kuma ban janye kalmata ba.

Injiniya: Yaya, ya canza komai. Awa huɗu a faifai mai 4.7 yana nufin kowace daƙiƙa ba ta samu fiye da megabit 2.6 ba, har da sauti a ciki. A MPEG-2, da cikakken hoto mai ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye da muke amfani da shi a Najeriya, ga ƙura ga dawakai, ko sau nawa manhaja ta bi bidiyon sai ya farfashe. Zagaye biyu zai rage ɓarnar, ba zai kawar da ita ba. Ka riƙe faya-fayan asali da kyau, nesa da rana da zafi, a kwafe kowanne shi kaɗai.

Malam: To me ya hana shagon ya gaya masa haka kafin ya karɓi aikin? Shirun nan shi ne ha'incin.

Matashi: Da an gaya masa, da ya ce ana so a sayar masa da faifai biyu ne.

Shugaban zaure: Jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattara abin da aka cimma. An fahimci cewa kalmar ha'inci ba ta dace ba, kamar yadda maigidana Alhaji, wanda ya riga mu duka shiga wannan sana'a, ya yi bayani tun farko. Injiniya ya tabbatar mana da ilimi cewa zagaye ɗaya da zagaye biyu ido ba ya bambance su, kuma laifin na wanda ya ce a haɗa masa awa huɗu ne. Matsalar fetur gaskiya ce, kuma ya kamata masu kawo aiki su riƙa tausaya wa masu shago. Zancen wa ya koya wa wani aiki, muna roƙon 'yan'uwanmu na Daura su bar shi.

Injiniya: Shugaba, ranka ya daɗe, abin da na ce ido ba ya bambancewa shi ne RF, wanda ake ajiyewa a kwamfuta. A kan faifai kuwa zagaye biyu na zaɓa, kuma ina roƙon a gyara wannan a cikin bayaninka.

Malam: Kuma ba mutanen Daura ne suka fara kawo zancen yawan aiki ba. A koma sama a duba wanda ya fara.