Neman kalma: fomatin da ke sa fulofi ya ɗauki fiye da ƙa'ida

Mai shirin kimiyya, Jos: Salamu alaikum jama'a. Gobe da hantsi zan naɗi shirin rediyo kan tsofaffin kwamfutoci, kuma na maƙale. Faifan fulofi, wato tsohon faifan ajiye bayanai a kwamfuta, mai inci 3.5 an san shi da ɗaukar 1.44 MB: zobe 80 (layukan da suka kewaye faifan) a kowace fuska, gurbi 18 na ajiye bayanai a kowane zobe. Microsoft ta rage tazarar da ke tsakanin gurabun suka zama 21, faifan ya ɗauki 1.68 MB, da shi ta rarraba Windows 95. Sunan wannan tsarin DMF. Me zan kira irin wannan fomatin?

Na Unguwar Rogo: Sharar faifai mana.

Mai gyara a Terminus: A'a ɗan'uwa, shara gogewa ce. Nan yanka wuri ake yi, kamar manomi ya matse kunyoyi don ya ƙara layi a gona ɗaya. IBM ma ta yi nata, XDF, a manhajarta ta tafiyar da kwamfuta OS/2 Warp, har ya fi DMF ɗauka. Kuma umarnin kwafe faifai na tsohuwar manhajar DOS, wato DISKCOPY, ba ya kwafe su, shi ya sa masu kwafi suka sha wuya. Ni dai "matsattsen fomatin" zan ce.

Baba Malami: Fomatin kuma? Wannan ai Ingausa ce. Muna da "shata". A ce "matsattsen shati". Zobe ma ban yarda ba, "da'ira" ta fi. Na daɗe ina koyar da ɗalibaina "shatin faifai".

Mai gyara a Terminus: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, da'irar nan fa Larabci ce.

Baba Malami: Ta zauna tun kafin a haifi kakanka.

'Yar Bukuru: Mota ma ta zauna, rediyo ya zauna. Duk wanda ya kai waya gyara, "a yi mata fomatin" yake cewa. Ka ce shati a iska, masu sauraro su ɗauka rikicin fili ne.

Baba Malami: Matsalar Hausar Jos kenan, kome aka jefo sai ku cafe. A Kano ba za a yi haka ba.

'Yar Bukuru: Baba, je ka kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka ji da kunnenka. Kuma mu ba ma neman takardar shaida daga Kano.

Na Unguwar Rogo: Ku bar batun gari don Allah, mutum yana da aiki gobe.

Mai shirin kimiyya, Jos: Na gode. Ga yadda zan yi: da farko in ce "matsattsen fomatin, wato shata faifai a matse", daga nan in ci gaba da fomatin. Zobe yana nan, gurbi yana nan.

Baba Malami: To. Amma shatin ya fito sau biyu ko uku, ba sau ɗaya ba. Zan saurara.

Mai gyara a Terminus: Tazarar fa, kowa ya yarda da ita?

Baba Malami: Ita ma da magana. Sai bayan shirin.