Wane sarki ne ya buga wannan tsohon kwabon Lituweniya?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina karatu a Vilnius, babban birnin Lituweniya, na sayi wani ɗan kwabon azurfa a wurin mai sayar da kayan tarihi. Siriri ne, ya yi baƙi, faɗinsa kamar milimita 20. Gefe ɗaya mahayi ne a kan doki ya zare takobi, ɗaya gefen mikiya. Yaya zan gane zamaninsa? Kuma in goge shi da toka da lemun tsami don rubutun ya fito?

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ka goge! Baƙin nan da ya yi shi masu tara tsofaffin kuɗi ke nema, toka kuwa karce shi za ta yi, darajarsa ta zube. Riƙe shi ta baki-baki, ka haska fitila daga gefe, haruffan za su tashi.

Wani dattijo: Ɗana, da alama rabin girosh ne, wani tsohon kuɗin azurfa na yankin, bugun Vilnius. Mahayin shi ne Vytis, tambarin Lituweniya, mikiyar kuma ta Poland ce, don a mafi yawan wancan lokaci sarki ɗaya ke riƙe da ƙasashen biyu. Shekarar za ka nema. In babu ita sam, kuma ka karanta ALEXANDRI, na Alekzanda ne, wanda ya mulki Lituweniya daga 1492 zuwa 1506. In tana cikin rubutun da ya zagaye dokin, bayan SIGISMVNDI, na Sigismund na Ɗaya ne. A zamaninsa aka fara sa shekara, a 1508, wani lokaci lambobi biyun ƙarshe kawai. In kuwa tana ƙarƙashin dokin, na ɗansa ne, Sigismund Agustus. Rubutun Latin ne, V ke zaman U.

Wata 'yar'uwa: Jabu ma akwai. Ka kai sikelin masu gwal, na gaske bai cika wuce giram ɗaya da 'yan kai ba. Jabun da aka yi da zubi yakan nuna 'yan ramuka da layin haɗi a baki. Gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Lituweniya yana nan Vilnius, je ka gwada da ido.

Mai tambaya: Na haska. 1556 ce ƙarƙashin dokin, a kewaye MONETA MAGNI DVCAT LITVA. Allah ya saka da alheri, Baba.

Dattijon: Amin. Na Agustus ne, kafin haɗewar Lublin ta 1569, wadda ta haɗe Poland da Lituweniya. An buga su da yawa, kada a tsuga maka kuɗi a na gaba. Kafin ka taho da shi gida, ka tambayi dokar fitar da kayan tarihi daga ƙasar.