Wayar hannu da gayyar unguwa: abin da muka gani da idonmu a Sudan

Malamin makaranta, Maiwurno:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. A zaman da muka yi da dattawan unguwa bayan sallar Juma'a, wani matashi ya kawo shawarar da ta raba kawunan jama'a. Ya ce mu ɗaukar wa kanmu alkawarin cewa nan da 'yan shekaru ba za a sami yaro ko yarinya a unguwarmu da ba su iya karatu ba, ba kuma za a sami gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, sannan ya ƙara da cewa wayar da ke aljihun kowa ta isa ta kai mu ga wannan buri. Dattawa suka ce burin ya fi ƙarfin wayar, matasa suka ce dattawa ba su san abin da wayar take iyawa a yau ba. Ni na kasa yanke hukunci, shi ya sa na kawo maganar nan. Tun daga 15 ga Afrilun 2023 da yaƙi ya ɓarke, babu wanda bai jarraba wayarsa a cikin tsanani ba, saboda haka ina roƙon kowa ya faɗi abin da ya faru a gabansa, domin gani ya kori ji.

Mai dafa abincin takiya, daga kudancin Hartum:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ni ban bar kudancin Hartum ba sai da yaƙi ya kusa shekara, kuma abin da ya riƙe mu a wannan zama, bayan ikon Allah, shi ne takiya, wato tukunyar unguwa da matasan ɗakin agajin gaggawa suka kafa a harabar masallacinmu. Bankuna suna rufe, an wawashe manyan kasuwanni, yawo da kuɗin takarda kuma ya zama kasada domin a kowane shinge ana laluben mutum. Da manhajar Bankak ta Bankin Hartum muke sayen adas da ful, wato nau'o'in wake, da gawayi. Ɗan'uwa a Jidda ko Riyad zai turo kuɗi, ɗan kasuwa ya ga ish'ar a wayarsa, wato shaidar cewa kuɗi sun shiga, sai ya ɗora mana buhu a kan amalanken jaki. Mutumin da yake bayan Bahar Maliya yana ciyar da maƙwabcin mahaifiyarsa kafin azahar, abin da a zamanin iyayenmu sai an jira matafiyi mai amana.

A watan Fabrairun 2024 layukan waya da intanet suka ɗauke gaba ɗaya, a nan ne muka san nauyin da muka ɗora wa wayar. Kuɗi suna cikin asusu, masu kyauta suna da niyya, amma babu hanyar da ɗan kasuwa zai ga ish'ar, sai tukunya ta yi sanyi. Ba zan manta da tsofaffin da suka zo da kwanoninsu suka zauna a inuwa har la'asar ba tare da wani ya iya gaya musu su koma gida ba. Daga baya aka fara samun na'urar Starlink, mai jawo intanet ta tauraron ɗan'adam, a wasu shaguna, ana biyan kuɗin sa'a ɗaya, sai muka riƙa aika wani yaro da wayar takiya, yana tafiya mai nisa a ƙasa, yana goge saƙonni kafin ya isa shinge saboda a kan waya kaɗai ana iya tsare mutum. Masu canja kuɗin manhaja zuwa na takarda kuma suna cire kaso mai tsoka, kuma babu wanda za ka kai wa ƙara.

Amma abin da nake so Malam ya gaya wa matashin nan shi ne, a kwanakin da babu layi takiyarmu ba ta watse ba, saboda muna da littafi. Mu mata mun san gidan da akwai mai jego, da gidan da akwai mai ciwon sukari, da gidan da maigidan zai gwammace ya kwana da yunwa da a gan shi a layi da kwano, wanda sai bayan magariba muke aika masa. Wani mai shago da ya san mu tun muna yara ya ba mu adas bashi a kan kalmar limami. Wayar ta jawo mana hannun na nesa, wannan gaskiya ne, kuma ba don ita ba da mun rufe tun watannin farko, sai dai sanin wanda za a bai wa da amanar da aka ba mu bashi a kanta sun riga wayar zuwa unguwa.

Direba, Jidda:

Allah ya saka miki da alheri, Yaya, ya sa a mizani. Ni ina cikin masu turowa, kuma zan faɗi abin da ya faru a ɓangarenmu. Da farko muna tara kuɗi kamar adashe, mu bai wa mutum ɗaya ya tura, sai gunaguni ya fara, wani ya ce unguwarsu ba ta samu ba, wani ya daina bayarwa ba tare da ya faɗi dalili ba. Wani ɗalibi a cikinmu ya buɗe jadawali a intanet wanda kowa yake iya gani a wayarsa, aka riƙa rubuta abin da ya shigo, da ranar da aka tura, da hoton ish'ar, da abin da aka saya. Ba a rubuta sunan wanda aka ciyar, don kada a tona asirin kowa. Daga wannan watan waɗanda suka janye suka dawo, har waɗanda ba Hausawa ba a wurin aikinmu suka shigo. Na lura cewa mutane ba rowa ce take hana su bayarwa ba, tsoron a yaudare su ne. Lokacin da aka bai wa ɗakunan agajin gaggawa na Sudan lambar yabo ta Right Livelihood a 2025, na yi farin ciki ƙwarai, domin abin da ake kira nafir a Sudan, mu kuma muke kira gayya, shi ne aka karrama.

Manomi, Gadarif:

Ina gaishe ku duka. Ni zan kawo inda abin ya bar mutane a baya, domin idan burin matashin nan ya ce babu gidan da za a bari, to dole a fara ƙirga waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu ba. A watan Disambar 2024 aka fara canjin takardun fam 500 da fam 1000, aka ce sai mutum ya zuba tsofaffin kuɗinsa a asusun banki, abin da za a ba shi a hannu kuma an ƙayyade shi. Lokacin ya faɗo daidai da girbin dawa. Ina da kuɗi a waya, ga dawa ta bushe a gona, amma ma'aikatan da suke yanka suka ce su kuɗin hannu suke so, kuma suna da gaskiya, saboda a ƙauyen da suke kwana babu layi, mai shayi da mai kisra kuma ba su da asusu. Buɗe asusu ta waya abu ne mai sauƙi ga wanda yake da lambar ɗan ƙasa, amma ku kun san yadda wasu daga cikin mutanenmu, waɗanda aka haifi kakanninsu a nan, suke shan tambayoyi kafin su sami wannan lamba. Mata da yawa a ƙauyukanmu ba su taɓa nemanta ba. Sai ka ga tsohuwa ta sayar da riɗinta, kuɗin suna cikin asusun ɗan maƙwabci, sai abin da ya gaya mata.

Duk da haka ban yarda da dattawan da suka ce a bar maganar waya ba. Kafin na ɗora riɗi a mota yanzu ina jin farashin kasuwar amfanin gona ta Gadarif a saƙon murya, dillalin da ya zo bakin gona ba ya iya yi mini farashin son ransa. Shawarata ita ce, kafin a sayi ko na'ura ɗaya, a kafa kwamitin da zai raka mata da tsofaffi su yi takardun shaida, a kuma koya musu riƙe lambar sirrinsu da kansu.

Ma'aikaciyar jinya, Kasala:

Baba manomi ya taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Lokacin da aka sanar da ɓullar kwalara a watan Agustan 2024, bayan ruwan sama mai yawa, sanarwar da take yawo a waya da Larabci take kuma a rubuce, yawancin iyayenmu mata a sansanonin waɗanda suka yi gudun hijira ba sa karanta ta. Ni da wata abokiyar aikina muka ɗauki muryarmu da Hausa na minti ɗaya, muka bayyana yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa bai wa mara lafiya kaɗan-kaɗan a kan hanyar kai shi asibiti. Muka tura ta WhatsApp ga limamai da ungozomomi. Bayan kwanaki wata uwa ta zo da ɗanta tana riƙe da gorar ruwan, ta ce a wayar maƙwabciyarta ta ji, ba ta ma san muryata ba ce. Wani abokin aiki ya ce mu yi amfani da manhajar fassara don mu yi sauri, muka gwada, sai ta fito da Hausar da ba a ji a nan, ta kuma rikita cokali babba da ƙarami, wanda a maganar gishiri kuskure ne mai iya kisa. Tun daga nan duk abin da na'ura ta fassara sai mutum biyu sun saurara kafin ya fita.

Dattijo, Damazin:

'Ya'yana, na karanta maganganunku, kuma ina cikin dattawan da suke jan kafa, amma ina so ku san dalili. A watan Yulin 2022, kafin wannan babban yaƙin, mu a jihar Nilu Shuɗi mun binne mutane masu yawa a rikicin da ya tashi tsakanin Hausawa da maƙwabtansu, aka ƙone shaguna a Rusairis, iyalai suka watse zuwa Sinnar da Madani da Kosti. Kafin a ɗaga sanda, magana ce ta riga ta yawo a wayoyi, ta ƙasƙanci da zuga, daga wannan ɓangare da wancan, kuma na ga hotunan da aka ce na garinmu ne alhali ba a ƙasar nan ma aka ɗauke su ba. Matasanmu masu hankali sun tura abin da ba su tantance ba saboda zuciya ta ɗebe su. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903 sun zauna a bakin wannan kogi ne da yardar maƙwabta, an yi auratayya, an yi noma tare. Idan za ku kafa zauren waya don karatu da ciyarwa, ku sa maƙwabtanku da ba Hausawa ba a ciki tun ranar farko, ku kuma naɗa mutum mai sanyin rai wanda zai iya cire saƙon fitina ko da daga ɗan gidan sarauta ya fito.

Ɗaliba, daga Madani, yanzu a Kasala:

Na gode, Kaka, Allah ya ƙara lafiya. Mun bar Madani a watan Disambar 2023 da kayan jikinmu, littattafaina suna can. A lokacin UNICEF ta riga ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, ni ma na shiga cikinsu. Wani malamin lissafi da ya yi hijira zuwa Masar ya riƙa ɗaukar darasi yana turowa, mu bakwai muna karatu da waya ɗaya, muna caja ta a wurin mai hasken rana a kasuwa. Da haka na zauna jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare, a ƙarshen Disambar 2024. Amma a cikinmu biyu sun daina zuwa, saboda wayar gidansu ta yayansu ce, shi kuma yana fita da ita neman abinci, kuma iyayensu ba su yarda su je gidan da ba su sani ba. Da a makarantar allo ta unguwa aka ajiye wayar, a hannun matar malam, da sun ci gaba.

Malamin makaranta, Maiwurno:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa dattawa da matasa saƙonninku jiya bayan isha'i, kuma an tsayar da abin da za a fara. Matashin da ya kawo shawarar zai zaga gida-gida tare da mata biyu su rubuta yaran da ba sa karatu da manyan da ba su da lambar ɗan ƙasa, a littafi da kuma a waya. Mai unguwa ya ba da ɗaki a jikin makarantar allo, za a sa farantin hasken rana a rufinsa, matar malam za ta riƙe mabuɗi da wayar karatu kamar yadda 'yata ɗaliba ta nuna. An aika wa limamin unguwar maƙwabta ya ba mu mutum biyu a kwamiti. Ɗan'uwa na Jidda, ina roƙon ka haɗa mu da ɗalibin da ya tsara muku jadawali kafin Juma'a mai zuwa, domin dattawa sun ce ba za a karɓi fam ɗaya daga hannun kowa ba sai an buɗe shi.