Shawarwarin Masu Sauraron Kiɗan Jita a Daura

A wani zama da masu sha'awar kiɗan jita suka yi a Daura, yawancinsu sun ba da shawarar cewa mai neman sabon kundin waƙoƙi na mawaƙan da ba su ƙarƙashin manyan kamfanoni ya fara da makwabta. Suna nufin makaɗan Abzinawa na Agadez, waɗanda ke haɗa jitar lantarki da tafi da ƙwarya. Sun ce ƙaramin kamfanin Sahel Sounds da ke Portland a Amurka ya fitar da irin waɗannan kundaye da dama.

An fi daɗewa a kan batun saye. Aka nuna cewa saye a Bandcamp, wani shafin intanet da ake sayar da waƙoƙi, ya fi amfanar mawaƙi, domin kaso mafi yawa na kuɗin yana isa gare shi, kuma tun watan Maris na 2020 akwai wasu ranakun Juma'a da Bandcamp ke yafe nasa kason. Wannan ce shawarar da ta fi gamsar da ni, ganin yadda muka saba tura waƙa kyauta daga waya zuwa waya.

Wani dattijo kuwa ya ce mai son kiɗa marar lantarki ya saurari kundi gaba ɗayansa kafin ya yanke hukunci, kuma kada ya manta da masu gurmi da garaya na gida.