Wai da gaske a bandaki ake daukar ciwon sanyi?

Dan Birni: Salam yan uwa, kwana 4 kenan fitsari na min zafi kamar barkono, ga wani farin ruwa a wando da safe, abokina yace bandakin haya ne wai in sayi kafso a kemis.

Nas ce ni: Malam ba bandaki bane gaskiya, ta saduwa ake dauka, kuma kafson nan na barkatai shi ke sa kwayar cutar ta daina jin magani. Kaje asibiti a gwada ka, a hada da tunjere da kanjamau.

Baban Yara: Kuma ka tafi da madam, mata da yawa basa jin komai sai ya toshe musu hanyar kwai azo ana neman haihuwa. Ku hakura da juna kwana 7 bayan magani.

Dan Birni: Tab, fada mata din ne aiki wallahi.